Mutum biyu a jirgin mutum takwas: yadda ake shirya jirgin ruwa mai tafiya da iska don tsere

A shekarar 2013, wani Bafaranshe mai suna Pascal Loison da ɗansa Alexis suka shiga tseren jiragen ruwa na Fastnet, su biyu rak, a jirgin da tsawonsa bai wuce mita 10 da ɗan kai ba. A lokacin, ana tashi ne daga Cowes a Ingila, a kewayo wani dutse da ke cikin teku kusa da gaɓar kudancin Ayalan, a dawo Plymouth, tafiyar mil 608 na teku. Jirage sama da 300 ne suka fito, akasarinsu maƙil da ma'aikata. Da aka yi lissafin ƙarshe, uba da ɗan ne suka zo na ɗaya, abin da mutum biyu ba su taɓa yi ba a tarihin tseren.

To, me ake yi wa jirgi har mutum biyu su iya aikin takwas?

Ku dubi inda matuƙi ke zama. Duk wata igiya da ke ɗaga filafilai, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska, ko mai rage su, an jawo ta har nan. Dalili kuwa, in hadari ya taso da tsakar dare ɗayan yana barci, ba a so wanda ke sama ya yi rarrafe zuwa goshin jirgi. Daga zaune zai sassauta wannan, ya ɗaure waccan, ya rage faɗin filafilan cikin 'yan mintoci. Kowace igiya da launinta, don gajiyayyen ido ba ya karanta rubutu.

Amma inda kuɗi ya fi cancanta a zuba shi ne na'urar da ke tuƙi da kanta. Masu sabon shiga sukan fara da sayen sababbin filafilai don su ne ake gani daga nesa, kuma a ganina wannan gurguwar dabara ce. Na'urar nan ita ce mutum na uku. Tana karɓar bayani daga ma'aunin iska da ke ƙolin jigon jirgi, wato doguwar sandar da ke riƙe filafilai, da kamfas mai jin yadda jirgi ke tangaɗi, sai ta tura wani hannun ƙarfe da ke ƙasa ya juya allon tuƙi. Kamfanoni irin su NKE da B&G sun yi suna a nan. Mai arha takan gyara hanya bayan jirgi ya riga ya kauce. Mai kyau kuwa, tun igiyar ruwa na ɗaga bayan jirgi ta fara gyarawa. Masu tafiya mai nisa ba sa fita sai da hannun ƙarfe na biyu a ajiye.

Sai dai fa tana shan wuta ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa za ku ga faifan sola, da wata 'yar farfela da ake sakawa cikin ruwa a bayan jirgi tana cajin batir muddin ana gudu. Ruwan gishiri kuma ba ya ga maciji da waya. Mahaɗa ɗaya ta yi tsatsa, na'ura ta mutu, mutum ya koma riƙe sitiyari dare da rana.

Ga wincin da ake naɗe igiya a kai. A buɗe shi, a wanke da kananzir, a shafa giris kaɗan a haƙoran. Waɗannan ƙananan harsunan masu ƙara ƙas-ƙas, irin na cikin firiwil ɗin keke, mai mara kauri ake ɗiga musu. In aka cika su da giris sai su manne, wincin ya juyo da baya da ƙarfin da zai iya karya hannu. Igiya kuma ba kasafai nauyi ke tsinka ta ba, guga ce. A bi ta da yatsa, duk inda ta fara gashi a yanke ko a sa mata riga.

Kayan gyara ma ba a wasa da su. A tseren Vendée Globe na 2000, wanda mutum ɗaya ke kewaya duniya ba taimako, jigon jirgin Yves Parlier ya karye. Ya raɓe a tsibirin Stewart na Niyu Zilan, ya haɗa guntayen da hannunsa, ya tsayar da shi, ya kai Faransa a matsayi na 13.

Saura wannan ɗamarar da aka shimfiɗa daga goshi zuwa baya, wadda matuƙi ke maƙala kansa a jiki. Rana tana cin ta a ɓoye, don haka ana cire ta in an dawo, ana kuma sauya ta tun ba ta nuna alamar tsufa ba. Na'urar tuƙi ba ta san an faɗa ruwa ba, tafiyarta kawai za ta ci gaba da yi. Don haka wasu ke rataya ɗan rimot a wuya: da zarar ya yi nisa da jirgi, ƙararrawa ta tashi ɗayan da ke barci a ƙasa, na'urar kuma ta juya goshin jirgin ya fuskanci iska ya rage gudu.