Ƙarshen Kalma a Faransanci: Abin da Ake Rubutawa da Abin da Ake Furtawa

Malamai da ɗalibai, ina yi muku sallama. Duk wanda ya koyar da Faransanci a Zinder ko Maraɗi ya san cewa ƙarshen kalma ne yake kayar da yara a jarrabawar shifta, kuma dalilin haka yana cikin tarihin harshen.

Faransanci daga Latin ya fito. A Latin, matsin murya, wato ƙarfin da ake ba wata gaɓa fiye da sauran gaɓoɓin kalma, yana faɗawa kan gaɓa ta biyu ko ta uku idan an ƙirgo daga ƙarshe, sai mutanen arewacin Faransa suka riƙa ƙarfafa wannan gaɓa har abin da ke bayanta ya raunana ko ya zube. Ta haka murum, wato bango, ta koma mur, porta kuwa, wato ƙofa, ta koma porte, wasalin a ya zama e ɗin nan da mutanen Paris ba sa furtawa, ko da yake a Marseille da Toulouse, a kudancin Faransa, har yau ana jin sa. Shi ya sa matsin murya a Faransanci yake kan gaɓar ƙarshe, domin bayanta babu abin da ya rage. A cikin magana kuma, gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomi ce take ɗaukar matsin, sauran su bi a jere da nauyi ɗaya.

Rubutu bai bi baki ba. Parle da parles da parlent, sigogi uku na aikatau mai nufin yin magana, furucinsu ɗaya ne, alhali ido yana ganin ƙarshe uku. Amma kada ku ce wa yaro baƙin ƙarshe ya mutu, domin yana dawowa. A petit ba a jin t, a petite ta mace ana jin sa, kuma idan wasali ya biyo baya, kamar a petit ami, sai t ya tsallaka ya fara gaɓar gaba: pe-ti-ta-mi. Haka s na les yake fitowa da sautin z a les amis, wato le-za-mi, d na grand kuma ya koma t a grand homme. Harshen yana son buɗaɗɗiyar gaɓa, baƙi da wasali, har yakan keta iyakar kalma don ya same ta.

A nan Bahaushe yana da sa'a, tunda yawancin gaɓoɓin Hausa haka suke. Kakanninmu da suka ari commandant da kunne suka ce kumandan, ba su sa t ba, domin ba su ji shi ba. Matsalarmu ita ce karin sauti, wanda muke ɗora wa kowace gaɓa tun muna yara, har mu shigo da shi cikin Faransanci. Saboda haka shawarata ga malamai ita ce, yaro ya fara maimaita jimla ɗungurungum yana tafa gaɓoɓinta, ya ja ta ƙarshe kaɗan, sannan a rubuta masa ita a allo, a nuna masa haruffan da bai ji ba.