Amsoshin Tambayoyinku: Zanen duwatsun Dartmoor

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce a Damagaram, yace ya ga wasu zane-zane a intanet, duwatsu masu fuskar tsofaffi da bishiyoyi kamar masu miƙo hannu, an rubuta Dartmoor a ƙasa, wai shin gurin gaske ne ko ƙirƙira ce?

To malam, gurin gaske ne. Dartmoor fili ne mai tudu a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 950, tun 1951 gwamnati ta killace shi. Ba gonakin kirki, ciyawa ce da fadama mai laka da tarin duwatsu a kan tuddai, sai tumaki da ƙananan dawakai suna yawo abinsu, ga hazo yana saukowa ba sallama, kana cikin tafiya sai hanya ta ɓace maka. Ai dole almara ta yi yawa a irin wannan guri. Mutanen da cewa suke wasu 'yan mitsi-mitsin aljanu da suke kira pixie su ke ɓatar da matafiyi, maganinsu wai ka tuɓe rigarka ka juya ta baibai ka maida.

Zanen da ka gani kuwa, salo ne da Brian Froud da Alan Lee suka yi suna da shi, dukkansu sun zauna a Chagford, wani ɗan gari a gefen filin, kuma a 1978 suka fitar da littafin zane tare mai suna Faeries. Ni dai abin da ke burge ni, aljanun nasu kamar daga ƙasar suka tsiro, fatarsu ɓawon itace, gashinsu gansakuka. Akwai wani ɗan kurmi can, Wistman's Wood, bishiyoyinsa gajeru ne murɗaɗɗu sun fito daga tsakanin duwatsu, gansakuka ta lulluɓe komai, wanda ya ga hotonsa zai gane masu zanen ba su ƙara gishiri da yawa ba. Kamar dai tsohuwar kuka a bayan gari da magariba.

Sai wata 'yar'uwa daga Kumasi, tana tambayar wa ya sassaƙa dutsen nan Bowerman's Nose da ake yawan zanawa. Hajiya ba kowa fa. Ruwa ne ke shiga tsagar dutse, sanyi ya daskarar da shi ya buɗa tsagar, a haka a haka har ya zama kamar mutum mai hula, tsayinsa wajen mita 6. Su kuma mutanen gurin sun ce wani maharbi ne ya kutsa taron mayu da karnukansa har ya kifar musu da tukunya, suka fusata suka mai da shi dutse, karnukan ma ba su tsira ba, wai su ne duwatsun Hound Tor da ke kusa.