An Dawo Daga Horo, Sai Kuma Me?

[Babbar Kasuwar Maradi da safe, ƴan kabu-kabu, wani yana latsa waya]

Satin nan saƙo ɗaya ya cika mini WhatsApp. Wai AI, basirar nan ta kwamfuta, ta iya rubuta manhaja, don haka kamfani ya tura masu kula da manhajarsa horon kwana uku, su dawo da takarda, shi ke nan. Wani Alhaji ma cewa ya yi a sallami rabinsu. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma a saurara tukuna.

Da gaskiya a zancen. Kayan aikin suna canzawa, kuma a guje. GitHub Copilot, mai taya mutum rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ya fito a 2021. ChatGPT ta biyo baya ran 30 ga Nuwamba 2022. Python 2, tsohon samfurin wani yaren rubuta manhaja, an daina gyara shi tun farkon 2020. Windows 10 kuwa, Microsoft ta janye kulawar kyauta ran 14 ga Oktoba 2025. Leƙa kwamfutar ofishinku ka ga wacce ke kai, ni dai ban ce komai ba.

Matakan farko ba su da wuya. A rubuta manhajojin da kamfani ke tsaye a kansu, da wanda ya san kowacce. A zaɓi abu ɗaya da za a koya, ɗaya tak. A nemi horo, a Yamai ko ta intanet idan rezo ya yarda. An je, an sha shayi, an karɓi kuɗin zama, an ɗauki hoto da takarda a hannu.

To, nan ne ake ɓata. Litinin ɗin da aka dawo.

[Shagon tela, keken surfani na kwamfuta yana aiki]

Dubi wannan keken. Ranar da maigidan shagon nan ya sayo shi, wanda ya kawo ya nuna masa maɓallai, ya kama hanya. Kuna jin washegari ya shimfiɗa shaddar angon mutane a ƙarƙashin allura? Ina! Ƙyalle ya ɗauko. Ya ɓata na farko, zare ya cukurkuɗe a na biyu, allura ta karye a na uku. Sai da hannu ya faɗa ya taɓa kayan kuɗi.

Mai rubuta manhaja ma ƙyallensa yake buƙata. Shi ne wurin gwaji: kwafin manhajar kamfani, sak irin ta gaske, amma da sunayen ƙarya da kuɗin ƙarya. A can zai ɓata, ba wanda ya yi asarar ko dala. Idan babu wannan wurin, biyu ce: ko ya ji tsoro ya koma tsohuwar hanya, ko ya gwada a kan asusun mutane. Mafi yawa ta farko suke bi, takardar kuma ta zama adon bango.

Kuma kada a jinkirta. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda mantuwa ke cin sabon karatu, ya ga a sa'o'i da kwanakin farko ta fi ɓarna. Kowane malamin allo ya san haka, shi ya sa ake tilawa.

[Allon kwamfuta, hannaye biyu a kan tebur ɗaya]

Sai a ba shi aiki na gaske, ƙarami. A ce rasidin da kamfanin dillancin shinkafa da mai ke bugawa. Yaro ya tambayi AI, cikin minti ɗaya ta zubo masa kod tsaf, gwanin kyau. Ku matso da kamara nan. Kun ga farashin? Ta sa masa ɗigo da sifiri biyu, irin na dalar Amurka, alhali sefa ba a yi mata haka. Kwanan wata: 03/04. Mu 3 ga Afrilu muke nufi, ita ta karanta 4 ga Maris. Lambar waya ta ce sai goma, tamu a Nijar takwas ce. Harajin TVA da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, kashi 19 cikin 100, idan ba a faɗa mata ba tana iya ɗauko na wata ƙasa. Ba mu ma zo kan ɗan kasuwar da ya sayo kaya da naira a Katsina, ya shigo ta Dan Issa, zai sayar da sefa, canjin safe daban na yamma daban ba.

Wa zai ga waɗannan? Wancan mai furfurar da Alhaji ke son sallama. Bai san sabon kayan ba, amma ya san kamfanin ciki da bai. Yaron da ya fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya san kayan, bai san kamfanin ba. A zaunar da su kujera kusa da kujera. Duk abin da ɗaya ya rubuta, ɗayan ya karanta kafin ya shiga manhajar gaske. Bita ke nan. "Baba, ga yadda ake tambayarta." "To ɗana, amma sifirin nan fa?" A wannan ƴar muhawarar ilimin yake shiga, kowa ya tashi da abin da bai zo da shi ba. A ajiye komai cikin Git, manhajar da ke adana kowane gyara da aka yi wa kod, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, don in an yi kuskure a koma na jiya.

Idan kuna ganin manya ba sa tuntuɓe: ran 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya ta kamfanin CrowdStrike ta tsayar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi.

[Kalanda a bango]

Abin da ya fi yi wa masu gida ciwo shi ne lokaci. A ganina a ware rabin yini duk mako, a ce Alhamis da safe, ba mai kiran su gyaran firinta, ba mai cewa a zo a duba wayar Hajiya. Eh, aiki zai ɗan ja baya a watannin farko. Wanda ya ce muku ba zai ja ba, horo yake sayarwa.

Gwajin ko ilimin ya shiga kuma mai sauƙi ne. Bayan wata uku, a ba mai furfurar nan hutun mako guda ya tafi ƙauye duba gonarsa. Ku ƙirga sau nawa aka buga masa waya kafin Juma'a.