Katangar ƙasa da bargo: yadda ake ɗumama rumfar noma a tsakiyar sanyi

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai, da 'yan uwa manoman rani da suka baro lambunsu suka zo, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Zan fara da abin da kowa a nan ya sani. A tsakiyar hunturu, wanda ya kwana a ɗakin kwano da wanda ya kwana a soron ƙasa ba irin dare ɗaya suka yi ba. Kwano yakan ɗauki zafi tun da hantsi, kafin isha'i ya zubar da shi. Katangar ƙasa kuwa a hankali take shan rana, a hankali take mayarwa, har asuba kana jin ɗuminta a bayanka. Ku riƙe wannan, a kansa maganarmu ta yau take tsaye.

Rumfar noma, ta leda ko ta gilas, ba ta da wahalar ɗumi da rana. Haske ya ratsa ya shiga, ƙasa ta yi zafi, iskar ciki ba ta da mafita, shi ke nan. Wahalar duk ta dare ce. Leda ba ta da kauri, da rana ta faɗi zafin da aka tara sai ya bi ta jikinta ya fice. Shi kuwa tumatir ba ya wasa da sanyi. Yana son dare mai digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka sauka ƙasa da 13, fure ba ya kama 'ya'ya yadda ya kamata. Ƙasa da 10 girma ya tsaya. A sifiri kuwa, inda ruwa ke daskarewa, dare ɗaya ya isa ya kashe gona. Kokwamba ta fi shi raki. Kabeji da latas su ne masu juriya, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi a ƙasashen sanyi su yake shukawa ya huta.

Masu kuɗi sun warware matsalar da wuta. A ƙasar Holan, musamman yankin Westland kusa da birnin Hague, akwai gidajen gilas da suka rufe kimanin hekta 10,000 a faɗin ƙasar. Iskar gas suke ƙonawa, su dafa ruwa, ruwan ya zaga cikin bututun ƙarfe a tsakanin layukan tumatir. Injinan da yawa daga cikinsu lantarki ma suke samarwa, sannan a tace hayaƙin a busa wa shuka iskar da take sha. Gwaninta ce, ba musu. Amma a 2022, da Rasha ta shiga yaƙi da Yukiren farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, manoma da dama suka kashe fitilun da ke haska wa shuka, wasu suka bar gidajen babu shuka har sanyi ya wuce. Mutanen Aisland su Allah ya hutar da su, ruwan zafi ne ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasarsu, da shi suke noman tumatir da kokwamba a garuruwa irin su Hveragerdi. Wannan kyauta ce, ba dabarar da za a kwaikwaya ba.

Inda nake so mu zauna shi ne arewacin ƙasar Sin. Akwai wata gunduma a lardin Shandong, sunanta Shouguang. Sanyin can yakan kai digiri 10 ƙasa da sifiri, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 abin da talaka ke ci duk tsawon sanyi bai wuce kabeji da aka adana ba. Wani shugaban ƙauye, Wang Leyi na ƙauyen Sanyuanzhu, ya samu labarin wani manomi mai suna Han Yongshan a Wafangdian, lardin Liaoning, yana fitar da ɗanyar kokwamba a tsakiyar sanyi ba tare da ya ƙona kwal ba. Ya je ya koya, ya gayyato shi. A 1989 aka gina rumfuna 17 a ƙauyen. Yau Shouguang na cikin manyan kasuwannin kayan lambu na ƙasar Sin baki ɗaya.

To mene ne asirin? Ku saurara, don gini ne da maginin garinku zai gane. Rumfar doguwa ce, daga gabas zuwa yamma, takan kai mita 60 zuwa 100. Gefen kudu kaɗai ake sa wa leda, saboda a can rana ta kudu take ratsawa ƙasa-ƙasa a lokacin sanyi. Gefen arewa, inda iska mai sanyi ke bugowa, katangar ƙasa ce daddanna, a gindinta kaurinta yakan kai mita uku, huɗu, har fiye. Ƙasar da aka gina ta da ita daga cikin rumfar aka haƙo, don haka daɓen ya nutsa ƙasa kaɗan, wanda shi ma ƙarin ɗumi ne. Duk wuni rana na dukan katangar nan ta ciki, tana sha. Da la'asar sakaliya, tun ciki na da ɗumi, sai a warware wani abu kamar asabari mai kauri na kara, ko bargo, a lulluɓe ledar gaba ɗaya ta waje. Da can da igiya ake ja da hannu, yanzu ƙaramin inji ke naɗewa. Dare ya yi, katanga ta fara mayar da bashin da ta ci. A waje ruwa ya daskare, a ciki kokwamba na fure.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne tambayar da suka yi wa kansu. Ɗan Holan ya tambaya, ina zan samo zafi? Su kuma suka tambaya, zafin da rana ta ba ni kyauta, ta ina yake tsere mini? Suka toshe ƙofar. Amma kada in yi muku daɗin baki. Rumfar tana da rauninta. Idan hadari ya rufe rana kwana huɗu ko biyar a jere, katanga ta ƙarar da ajiyarta, dole a nemi wuta ta ɗan lokaci. Tana cin fili, domin dole a bar tazara don inuwar wannan kada ta rufe waccan. Kuma tana son mutum mai kula: ka makara wurin buɗe bargo da safe ka yi asarar rana, ka makara wurin rufewa ka yi asarar ɗumi. Har goge ƙurar leda suke yi, don ƙura haske take tarewa.

Wanda ba shi da filin katanga, ruwa na yi masa wannan aiki. Bari mu yi lissafi tare. Duro mai cin lita 200, a shafa masa baƙin fenti a ajiye inda rana ke samunsa. Idan da dare ruwan ya huce da digiri 10, zafin da ya sake ya kai wanda hita mai wat 1,000 za ta bayar cikin awa biyu da minti ashirin. Duro goma a jere, kun ga an samu abin kirki, ba a sayi ko lita ɗaya ta mai ba. Akwai kuma dabarar masu lambun birnin Paris a ƙarni na 19, lokacin da dawakai ke jan kekunan birni. Sabon kashin doki da ciyawa suke tarawa a rami, su zuba ƙasa a kai, su kifa gilas. Taki idan yana ruɓewa tsakiyarsa takan haura digiri 60. Duk wanda ya taɓa tura hannu cikin juji da sassafe ya ji wannan zafin.

Na ga wani ɗan uwa can baya yana girgiza kai, kuma yana da gaskiya. A Kano ko Kadawa, a yawancin shekara, rumfar leda zafi ne matsalarta, iska da inuwa take nema. Ranarmu a tsakar ka take, don haka ba za a kwafo ginin Shouguang a dasa a nan yadda yake ba. Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne wurare masu tudu, irin Jos da Mambila da duwatsun Ayar a jihar Agadas, inda daren Disamba da Janairu ke sauka ƙasa da abin da tumatir da tattasai ke so, da kuma mai rainon iri da yake ganin 'ya'yan shukarsa sun tsaya cak kafin dashe. Shi wannan ba ya buƙatar injin kowa. Zana ko tsohon buhu a kan leda kafin magariba, jarkokin ruwa a gefen fangali, a buɗe da hantsi.

Alhaji ya turo tambaya a takarda: ko za a iya ajiye kaskon gawayi ko risho a ciki da dare? Ranka ya daɗe, ina roƙonka kada ka yi a rufaffiyar rumfa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutane a ɗaki lokacin hunturu, kuma yaron da ka aika ya duba shuka da asuba shi zai fara shaƙarta. Kananzir da bai ƙone sosai ba yana fitar da wata iska da ke sa ganyen tumatir ya lanƙwashe ƙasa, fure ya kakkaɓe. Ga kuma tururin da yake ƙarawa, wanda ke kawo funfuna a ganye. Idan wuta ta zama dole, a gina murhun a waje, a bi da bututun hayaƙi ta cikin rumfar a rufe ruf, bakinsa ya fita ta ɗaya gefen. Sannan a rataye ma'aunin zafi daidai tsayin shuka, ba a saman rumfa ba, a duba shi kafin fitowar rana, domin a wannan lokacin ne sanyin dare ke kai maƙurarsa.