Daga ɗakin gwaji zuwa bankin zuba jari: jawabi ga Zamfarawa mazauna Landan

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu, 'yan'uwana Zamfarawa, na gode da wannan dama.

Tun kafin a buɗe taro iyaye uku suka ja ni gefe, kuma damuwarsu ɗaya ce: yaro ya gama digirin kimiyya, yanzu ya ce aikin banki yake so, anya ba asarar karatu ba ce? Kimiyyar sinadarai na karanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, na zo ƙasar nan na ƙaro, na shekara shida cikin farar riga ina auna guba a ruwa da ƙasa. Ranar da na gaya wa Baba zan sauya sana'a, ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya ce, "To, kuɗin ruwa fa?"

Bankin zuba jari ba wurin ajiya da cirar kuɗi ba ne. Idan kamfani ko gwamnati na neman jari mai kauri, mu ke ƙiyasta darajar abin da suke da shi, mu haɗa su da masu kuɗi. Akwai ɓangaren da ruwa ya shiga dumu-dumu, ba zan ɓoye muku ba. Akwai kuma sukuk, wato takardun neman jari bisa tsarin Musulunci, marasa kuɗin ruwa: Birtaniya ta sayar da na fam miliyan 200 a 2014, Najeriya ta sayar da na naira biliyan 100 a 2017 don aikin hanyoyi. Yaro ya zauna da malaminsa kafin ya sa hannu a takardar aiki. Ni haka na yi.

Wuya kam akwai. A ganawar farko aka miƙo mini lissafin kuɗin wani kamfani, na rasa ta inda zan fara. Na koma ɗalibi, na bi jarrabawar CFA, ta ƙwarewa a nazarin harkar kuɗi, mataki uku ina karatun dare. Shugabana ƙanen ƙanena ne a shekaru. Wani azumi a gaban kwamfuta na yi sahur da dabino da shayin da ya huce.

Amma ga abin da ya riƙe ni. Duk muna tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida a niƙa, ƙura ta bi tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dareta, 'Yargalma, Bagega: wasunmu a ɗakin nan suna da dangi can. Yau idan takardun kamfanin haƙar ma'adinai suka zo teburinmu, abokan aikina giram nawa na zinariya ke cikin kowane tan suke dubawa. Ni nakan buɗe shafin gwajin dutse in nemi dalma, in tambayi inda ruwan wanki zai kwarara. Kafin a saki kuɗi ne kamfani ke sauraron irin wannan tambaya, kuma wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, ba za ta zo masa a rai ba.

Iyayenmu, kada ku hana su. Samari da 'yan mata, duk mai sha'awa ya same ni bakin ƙofa bayan sallar Magariba da takardunsa, mu duba tare.

Wassalamu alaikum.