Me Ya Sa Hoton Wasan Wuta Ke Fitowa Fari Fat?

Jama'a barkanmu da warhaka. Bayan daren shiga sabuwar shekara hotunan wasan wuta iri ɗaya sun yi ta yawo a WhatsApp da Facebook daga unguwannin Kaduna, daga Barnawa, daga Narayi, daga Unguwar Rimi. Kowa ya ɗaga kyamara sama, kowa ya dawo da farin dunƙule a cikin hayaƙi.   Wani ma da kyamara mai tsada aka ɗauke shi. Ido ya ga ja da kore da ruwan zinare, kati ya adana fari fat. Masu hotunan kuma tambaya ɗaya suke yi: tunda dare ne, ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na kyamara, nawa ya kamata a kai shi? To, a cikin wannan tambayar matsalar take.

Bari mu sallami kayan aiki da sauri. Tiraifod, wato mariƙi mai ƙafa uku, dole ne. In babu, a ɗora kyamara kan katanga ko kan jakar da aka cika da shinkafa, amma ban da riƙewa a hannu. Juya maɓalli zuwa M, wato manuwal, inda kai ne ke saita komai da hannu. Kashe filash, don haskensa bai wuce 'yan mitoci ba, ƙurar da ke gabanka kawai zai haska. Kashe na'urar hana girgiza, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR. Zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Daidaiton launi, wato White Balance, a bar shi kan alamar rana. Batir biyu, kati mai fili. Shi ke nan.

Fokas kuma, nemi wata fitila mai nisa, irin jar fitilar da ke saman ƙarfen sabis. Bari kyamara ta kama ta, sannan ka tura maɓallin lens daga AF, inda kyamara ke yin fokas da kanta, zuwa MF, fokas na hannu, ka cire hannunka. Kada ka murɗa zoben har ƙarshe kana zaton ka kai iyakar nisa, domin lens da yawa suna wuce wannan alamar, hoto ya dushe. Ɗan salatif a kan zoben zai hana shi motsi. In ka taɓa zum, sake fokas daga farko.

Yanzu a nutsu, mun zo wurin.

Sama ce ke da duhu. Wutar ba ta da duhu ko kaɗan. Kowane tartsatsi garin ƙarfe ne da sinadari ke ci da wuta, haskensa mai ƙarfi ne ƙwarai. Kyamara idan an bar ta da kanta, faɗin baƙin sama take aunawa, sai ta ga ana cikin duhu, ta wangale ƙofar lens, ta cilla ISO sama. Mai hoto ma da ya koma manuwal, abin da ya saba yi a wurin dinar dare shi yake maimaitawa: ƙofar lens a wangale, f/2.8 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), ISO 3200.

Ku lissafa tare da ni. Daga ISO 100 zuwa 3200 ninki 32 ne. Daga f/11 zuwa f/2.8 ninki 16 ne. Ninka 32 sau 16, ka sami ninki 512. Wato ka bai wa hoton haske sau 512 fiye da abin da tartsatsin ke buƙata. Wane launi ne zai tsira? Ja ya ƙone, kore ya ƙone, komai ya koma fari, kuma abin da ya ƙone haka babu manhajar gyaran hoto da za ta dawo da shi.

Sai wani ya ce to bari ya hanzarta shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ya sa 1/250 na sakan. Ga abin da ya samu: ɗigo-ɗigo a warwatse, babu zare, babu fure. Domin furen nan da muke sha'awa, tafiya ce. Tartsatsi ne ya tashi daga tsakiya ya bazu, idonmu ya haɗa hanyar da ya bi.

Ku tuna yaro da bakin itace mai garwashi, yana wulwula shi a tsakar gida da dare. Idan ya daɗe yana wulwulawa, zanen da yake yi a iska ne ke ƙara tsawo da zagaye. Garwashin bai ƙara haske ba. Haka tartsatsi yake a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara: ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana taɓa kowane gurbi na ƙiftawar ido ya wuce. Ko ka buɗe shota sakan 2, ko sakan 6, hasken da ya sauka a wannan gurbin ɗaya ne.

Saboda haka aiki ya rabu gida biyu, kuma wannan rabon shi ne duk darasin yau. Tsawon lokacin shota shi ke yanke tsawon zaren wuta, da yawan furannin da za su shiga hoto ɗaya, da hasken abin da ke tsaye, kamar gine-gine da sama da hayaƙi. Ƙofar lens da ISO su ke yanke hasken zaren kansa, da kaurinsa, da launinsa.

Ku ɗauki misalin hotuna uku. Duk ISO 100, duk sakan 4. Na farko f/5.6, zaren ya yi kauri, launi ya fara kodewa. Na biyu f/11, ja ya zama ja sosai, kowane zare a rabe. Na uku f/22, zaren ya sirance, shuɗi ya kusa ɓacewa, kuma kaifin hoton ya ragu, don ƙofar da ta tsuke da yawa tana sa haske ya bazu a gefenta. Yanzu ga wasu ukun, duk f/11, lokaci kaɗai aka sauya. Sakan 1, rabin fure. Sakan 4, cikakken fure da jelarsa. Sakan 15, furanni sun hau kan juna, tsakiya ta yi fari, sama ta koma ruwan ƙasa. Amma ku lura da bakin zaren da ke can gefe shi kaɗai. Haskensa bai sauya ba a duka ukun.

Don haka a fara daga nan: ISO 100, f/11, sakan 3 zuwa 4. Ɗauki ɗaya, duba allo, faɗaɗa. Zare ya yi fari? Tsuke zuwa f/16, hakan ya rage rabin haske. Zare ya yi dishi-dishi, ko kana da nisa sosai? Buɗe zuwa f/8, hakan ya ninka shi. Fure bai cika ba? Ƙara lokaci. Sama ta yi haske? Rage lokaci. Kada ka gyara matsalar launi da shota, kada ka gyara tsawon zare da ISO.

Launukan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Shuɗi daga sinadarin tagulla ake samunsa, kuma shi ne mafi rauni. Fari mai walƙiya daga garin maganiziyom ko alminiyom yake, shi ne mafi ƙarfi. In ka ga masu wasan sun koma harba farare, tsuke mataki ɗaya, kamar daga f/11 zuwa f/16. Ni a ganina gara hoto ya ɗan yi duhu, launi na nan, a ɗaga shi daga baya a kwamfuta.

Wanda hannunsa ya faɗa, ya bar ƙirga sakan ya koma B, wato balb. A nan muddin yatsanka na kan rimot, shota a buɗe take. Ka ga jelar wuta ta fara hawa, danna. Ta fashe, jira furen ya buɗe har bakinsa ya fara sunkuyowa, saki. Da ido ake bin wannan, ba da kunne ba. Ƙara na tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, don haka in kana da nisan kilomita guda, sai bayan kusan sakan 3 za ka ji fashewar, lokacin furen ya riga ya zube. Wanda ba shi da rimot ya sa taima ta sakan 2, don yatsa a jikin kyamara shi ke sa zare ya fito a karkace.

Akwai wani saiti da ke cin mutane a ɓoye, na rage ƙwayoyin hoto a doguwar ɗauka, wanda ake kira Long Exposure Noise Reduction. In yana kunne, bayan ɗaukar sakan 6 kyamara za ta sake yin wasu sakan 6 tana aiki, kai kuma kana tsaye kana kallon mafi kyawun fure na wucewa. Kashe shi tun a gida.

Ga wata dabara ta tsofaffin masu hoto, kuma har gobe tana aiki: baƙin kwali. Buɗe shota a B, rufe gaban lens da kwalin ba tare da ka taɓa shi ba. Fure ya fashe, janye. Ya mutu, mayar. Haka za ka tara furanni 3 ko 4 a hoto ɗaya, sama kuma tana nan baƙa ƙirin.

Wurin tsayawa. A Kaduna ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne, iska daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙura. Tsaya inda iska ke bugun ƙeyarka, don ta kore hayaƙi daga gabanka. Hazo na kama hasken fitilun titi, shi ya sa doguwar ɗauka ke saurin ɓata sama a nan fiye da lokacin damina, to kada ka wuce sakan 5 in hazo ya yi kauri. Kada ka canza lens a fili. Harbin farko-farko su ne mafi tsabta, kafin hayaƙi ya taru, don haka a gama saiti tun ba a fara ba. Kuma a sa wani abu a ƙasan hoton, a san Kaduna ce: gada, ko hasumiya, ko kawunan jama'a, ko ruwan Kogin Kaduna in kana kusa da shi, don ruwa na maido da launin. A ja baya daga wurin harbi, ɓurɓushi mai zafi na faɗowa, ciyawa kuma a bushe take. 'Yan sanda kan fitar da sanarwar hana nokawut da wasan wuta a lokutan bukukuwa, saboda haka a tsaya ga wanda aka shirya da izini.

Masu waya, ban manta da ku ba, ku ne ma kuka fi yawa. Kada ku yi amfani da tsarin ɗaukar dare, domin hotuna gajeru da yawa yake haɗawa, zaren ya fito a tsittsinke. Ku shiga Pro, wato manuwal ɗin kyamarar waya, ISO mafi ƙasa, 50 in akwai, lokaci sakan 1 zuwa 2, fokas na hannu zuwa alamar dutse, waya a kafe. Sai dai ƙofar lens ɗin yawancin wayoyi a wangale take wajen f/1.8, kuma ba ta tsukewa. Maganinta ɗan baƙin gilashi mai maƙalewa da ake kira ND8, wanda ke rage haske zuwa kashi ɗaya cikin 8. Shi da ISO 50 sun kai ka dab da f/8 na babbar kyamara. Masu iPhone su kunna Live Photo, bayan ɗauka su zaɓi Long Exposure.

Saura harbin ƙarshe, inda ake sakin komai lokaci guda. A nan furanni ke taruwa a gurbi ɗaya, haske ya hau kan haske. Da ka ga harbi ya fara zuwa babu ƙaƙƙautawa, koma f/16, rage lokaci zuwa sakan 1 ko ƙasa da haka, ja zum baya don komai ya shiga, ka yi ta dannawa har a gama.