Ranar da Magatakardan Irmiya Ya Ce Ya Gaji

Salama alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina Birnin Dawuda a Urushalima. Ku yi haƙuri da hakin da nake yi, matakalan nan ba wasa ba ne.

Ku dubi gangaren nan da ke gabana. A nan ne masu tonon kayan tarihi, ƙarƙashin Yigal Shiloh, suka samo hatiman yumɓu sama da 50 a 1982. Wutar da Babiloniyawa suka cinna wa garin ce ta gasa su, shi ya sa ba su ruɓe ba. Ɗaya yana ɗauke da sunan Gemariya ɗan Shafan, wanda a ɗakinsa ne Baruk ɗan Neriya ya karanta wa jama'a saƙon annabi Irmiya.

Baruk ɗin nan ne ya kawo ni. Shi magatakarda ne: Irmiya na faɗa, shi yana rubutawa, kuma kusan duk maganar hallaka ce a kan garinsu. A shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim, wajen 605 kafin haihuwar Almasihu, mutumin ya kai maƙura. Ya ce kaitonsa, Ubangiji ya ƙara masa baƙin ciki a kan azaba, ya gaji da nishi, hutu ya gagare shi. Alhali ma da sauran aiki, don daga baya sarki ya yayyanka littafin da wuƙa ya zuba a kaskon wuta, dole Baruk ya sake rubutawa daga farko, har da ƙari.

Amsar da Allah ya ba shi tana littafin Irmiya sura 45 a Littafi Mai Tsarki, aya biyar kacal. Wanda ke jiran lallashi zai sha mamaki. Allah ya ce abin da ya gina da kansa yake rushewa, abin da ya dasa yake tumɓukewa. Wato Baruk, kana kukan wahalarka, to ni fa? Sannan ya ce kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa, amma duk inda ya je zai tsira da ransa kamar ganima.

Ni dai wannan ya fi kwantar mini da hankali a kan wa'azin da ke alkawarta mota da gida. An kira shi da sunansa, an maimaita masa kukansa ba tare da an ƙaryata shi ba.

Bayan garin ya faɗi a 586, 'yan gudun hijira suka tisa ƙeyarsa tare da Irmiya zuwa Tafanes a Masar. Ba da son ransa ya je ba, amma da ransa ya isa.